GIDAN GWAMNATI BA SADAKA BA NE, A BI TA ƘOFAR GABA



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙofar masallatai da majalisun ataya, daga Nima ta birnin Ankara har Aboabo ta Kumasi, watau wai gidan Gwamnati ba na ɗan zongo ba ne. Wai ko ka nema ɓarnar takarda ka yi, sai fa in kana da wani babba a jam'iyya wanda zai shigar da kai ta ƙofar baya. Wannan magana ita mu ke so mu yi faɗa da ita yau, domin ta fi ruwan sama cinye mana gidaje. Kuma faɗan namu kashi biyu ne. Kashi ɗaya da masu rubuta sharuɗɗan neman gida a ofisoshi, kashi ɗaya kuwa da 'yan'uwanmu waɗanda su ka ga ƙofa a rufe, su ka juya ba su ko ƙwanƙwasa ba.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, sabo da haka ba sai mun tsawaita bayanin halin da a ke ciki ba. Kowa ya san gidan haya mai ɗaki goma sha biyar da famfo ɗaya. Kowa ya san layin asuba a bakin masai na kuɗi. Kowa ya san magidanci da matarsa da 'ya'ya biyar cikin ɗaki guda, balagaggun maza suna kwana a shago ko a barandar masallaci don kunya. Ga kwata ta cika ta shigo ɗaki duk damina. Bayan ƙidayar jama'a ta 2021 an ƙiyasta cewa ƙasar Gana tana da giɓin gidaje wajen miliyan 1.8. To, in an raba wannan giɓi bisa unguwanni, wa ya ke shakkar inda babban kaso zai faɗa?

Sai mu duba tarihi kaɗan, don samari su san cewa gina gida da kuɗin jama'a ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Bayan girgizar ƙasa ta 1939 wadda ta rushe gidaje a Ankara, Gwamnatin Turawa ta gina gidaje a wurare irin su Mamprobi da Korle Gonno da Osu da Kaneshie. A 1952 aka kafa Hukumar Raya Tema don ta gina sabon gari kusa da tashar jiragen ruwa. A 1956 aka kafa hukumar gidaje ta ƙasa, wadda a 1995 aka mai da ita kamfani, shi ne Kamfanin Gidaje na Gwamnati. A shekarun 1970 Dansoman ta bunƙasa ta zama unguwa mai girman gari. Hukumar fansho ta SSNIT ita ma ta gina benaye a Dansoman da Sakumono da Adenta. Duk waɗannan da dukiyar jama'a aka yi su, ko ta haraji ko ta ajiyar ma'aikata, a kan filayen da hukuma ta karɓa da sunan amfanin kowa.

To, wa ya shiga? Mafi yawa akawu ne, da malamin makaranta, da ɗan sanda, da ma'aikacin kamfani, watau mutumin da ke da takardar albashi da shugaban ofis mai sa masa hannu. Ba mu yi musu hassada ba, Allah ya sanya alheri. Amma ku dubi Tema da Ashaiman, tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu. A Tema aka tsara unguwanni masu lamba, da tituna da famfo, aka raba gidaje galibi ta hannun ma'aikatu da kamfanoni. Leburorin da su ka ɗauki siminti a ka, da 'yan dako na tasha, da masu sayar musu da abinci, su ba su da kamfanin da zai tsaya musu, sai su ka haɗa katako da kwano a Ashaiman. Wanda ya gina gari ya kwana a bayan gari. Tun ran nan aka ɗora harsashin abin da mu ke kuka da shi yau.

Ga inda cutar ta ke. Idan mutum ya je neman gida irin wanda Gwamnati ta sa hannu a ciki, abin da a kan tambaye shi shi ne katin ɗan ƙasa, da shaidar wurin aiki, da takardar albashi ta 'yan watanni, da takardar banki, sa'an nan kuɗin fom. In gidan na sayarwa ne, ko dai ya zube kuɗi masu nauyi, ko banki ya ba shi bashi na shekaru, banki kuwa ba ya duban fuskar wanda ba shi da albashin wata. Yanzu ku lissafa mutanen zongo. Mahauci ne, da tela, da direban tasi, da mai gyaran babur, da ɗan canji, da mai sayar da albasa, da mai koko da ƙosai, da mai shinkafa da wake wadda ta aurar da 'ya'ya huɗu daga tukunya ɗaya. Wa zai ba waɗannan takardar albashi? Ba a rubuta a jikin fom cewa ban da ɗan zongo ba, ba wanda zai yi gangancin rubuta haka, domin Tsarin Mulki na 1992 ya hana bambanta mutane sabo da ƙabila ko addini ko matsayin arziki. Amma an ɗinka rigar ne daidai jikin ma'aikacin ofis, sa'an nan aka rataye ta a kasuwa aka ce kowa ya zo ya gwada.

Masu ofis suna da amsa, kuma ya kamata mu ji ta. Suna cewa ɗan kasuwa ba shi da tabbataccen samu, yau ya samu gobe ya rasa, in aka ba shi gida ba zai iya biya ba. Madalla. To, mu tambaye su, wa ke biyan adibas na shekara biyu a Nima da Mamobi da Sabon Zongo? Dokar Haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san masu gidaje shekara biyu su ke karɓa, ga ladan dillali a kai. Mai koko tana tara wannan kuɗi ta hanyar adashi, ta ƙirga su a hannun mai gida lakadan, in shekara biyu ta cika ta sake ƙirga waɗansu. Ma'aikacin da ke da takardar albashi sau da yawa sai ya ci bashi kafin ya iya haka. Ashe matar da ta biya haya shekara ashirin ba fashi ita ce ba a amince da ita ba? Wannan ba lissafi ba ne, raini ne aka sa masa hula.

Kuma hukuma da kanta ta nuna cewa ana iya sassauta sharaɗin in an ga dama. A watan Janairu na 2023 aka buɗe shirin taimakon 'yan haya na ƙasa, wanda a cikinsa a ke biya wa mutum adibas kai tsaye ga mai gida, shi kuma ya riƙa mayarwa wata-wata. A cikin sharuɗɗan da aka sanar a lokacin, an yarda mai nema ya kawo takardar banki ko kuwa lissafin kuɗin da ke shiga wayarsa, watau momo. To, in lissafin momo ya isa shaida wajen rancen haya, me zai hana ya isa shaida wajen rabon gida?

Ba kuma za a ce mana babu kuɗi ba. A 2012 Majalisar Dokoki ta amince da rancen dala miliyan 200 don a gina gidaje 5,000 a Saglemi, can gaba da Tema a yankin Ningo-Prampram. Abin da aka tayar bai wuce wajen 1,500 ba, su ma ba a haɗa musu ruwa da wuta yadda za a zauna ba, har shekarar 2024 ciyawa da ɓarayin ƙofa da taga ne ke more su, jam'iyyu biyu suna jifan juna da laifi. A Kumasi kuma, gidajen Asokore Mampong da aka fara zamanin Shugaba Kufuor sun yi shekaru a yashe kafin SSNIT ta karɓa ta ƙarasa, aka buɗe su a 2020, fiye da 1,000. Daga Aboabo da Sawaba da Asawase mutum ba ya gajiya kafin ya isa wurin. Muna roƙon dattawan waɗannan unguwanni su ƙirga mana da yatsu, mutum nawa su ka sani wanda ya tashi daga gidan haya na zongo ya tare a can? An kira su gidaje masu sauƙin kuɗi. Sauƙi ga wa?

Wannan shi ne laifin masu ofis, kuma ba mu rage musu kome ba. Yanzu sai mu juyo gida.

Akwai dattawan da ke cewa, mu baƙi ne, abin da mu ka samu gara mu kai gida mu yi gini. Muna girmama furfurarsu, mun kuma san inda tsoron ya fito. A watan Nuwamba na 1969 Gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, zongo ya girgiza, mutane su ka sayar da gidaje da shaguna a wulakance, har waɗanda aka haifa a nan su ka bi motoci. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, shi ya sa har yau akwai tsohon da ba ya son sunansa ya shiga littafin hukuma. Amma baba, yau fiye da shekara hamsin ke nan. Malam Bako ya kafa Sabon Zongo fiye da shekara 100 da su ka wuce. Jikokinku a asibitin Korle Bu aka haife su, a nan su ka yi makaranta, a nan su ke jefa ƙuri'a, a nan za a binne su. Wane gida kuma za su koma? Kowace rana mai tebur tana biyan tikitin kasuwa, direba yana biyan harajin mai, kowa ya sayi katin waya an cire rabon hukuma. Wanda ya zuba kuɗi a asusu, in ya zo neman rabonsa ba bara ya zo ba.

Akwai kuma masu cewa gida rabo ne, in Allah ya nufa za a samu. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma ba mu taɓa ganin mahaucin da ya zauna a ɗaki ya ce in da rabo saniya za ta yanka kanta ba. Ko kujerar Makka sai an cika fom, an kai hoto da fasfo, an karɓi rasit. Don me neman ɗaki kaɗai za a bar wa rabo?

Sa'an nan samari, ku ne mu ka fi jin takaicinku, domin kun yi karatu, kuna da waya a hannu, kun iya Turanci. Amma da yawanku an sabar muku da ƙofar baya. Lokacin zaɓe ya zo, a raba riguna da buhunan shinkafa da ragon Salla, a ce in mun hau za mu tuna da ku. Sai saurayi ya shekara huɗu yana bin motar wani, yana jiran a kira shi a ba shi makulli. Ko da an ba mutum ɗaya ta wannan hanya, me ya ƙaru ga sauran dubu? Abin da aka ba ka don alfarma, alfarma tana iya karɓewa ran da kujera ta juya. Kuma shi mai ba ka ya fi son ka dawwama kana roƙo, domin ran da ka san haƙƙinka ranar ya rasa yaro. A wannan duhu ne kuma 'yan damfara ke kiwo. Wani ya zo da jaka da katin wuya ya ce shi ɗan ofishin gidaje ne, a kawo kaza a sa suna a jeri, ba rasit, ba hatimi. Gwauraye da tsofaffi nawa aka wanke ta haka?

Babbar hasarar rashin nema ita ce wannan. Hukuma ba ta jin kukan da ba a rubuta ba. In aka buɗe rabon gidaje, mutum 5 su ka nema daga zongo, gobe wani babba zai miƙe a Majalisa ya ce mutanen zongo ba su da bukata, sun fi son zamansu na cunkoso. In kuwa mutum 5,000 su ka nema, kowa da rasit a hannu, aka hana su duka sabo da takardar albashi, to mun sami hujjar da za a kai gaban 'yan jarida, da Majalisa, da kotu in ta kama. Takardar da aka ƙi karɓa ma makami ce, muddin an ajiye shaidarta.

Kada wani ya ce talaka ba ya iya wannan. A 2009 mutanen Tsohon Fadama, waɗanda aka daɗe ana yi wa barazanar tashi, su ka ƙidaya kansu gida-gida tare da ƙungiyar talakawan birni, su ka sami mutum wajen 79,000. Daga ranar duk mai maganar tashinsu dole ya yi magana da wannan adadi a gabansa. Ƙidayar ba ta hana a rushe wani sashe na unguwar a 2015 ba, bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni, amma ta hana a ce ba kowa a wurin. A Ashaiman kuma, a unguwar Amui Dzor, masu ƙaramin ƙarfi su ka kafa ƙungiyar adashi, su ka sami fili ta hannun sarakunan gargajiya, su ka haɗa kai da majalisar gari da hukumar gidaje ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tayar da bene mai hawa uku wanda aka gama a farkon shekarun 2010, iyalai wajen 30 a ciki, da shaguna da makewayi na haya waɗanda ke taimakawa wajen biyan bashin ginin. Gida 30 ba su kashe giɓin miliyan ba, amma sun kashe ƙaryar da ke cewa mai tebur ba ta iya biyan gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sabo da haka ga abin da mu ke kira a yi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na farko, kowane gida a gyara takardu. Jariri a yi masa takardar haihuwa kafin ya shekara, lokacin da a ke yin ta kyauta. Baligi ya karɓi Ghana Card. Mun san irin tambayoyin da a kan yi wa mai suna Musa ko Fati a wurin rajista, ina aka haifi kakanka, me ya sa ba ka jin yaren kaza. Kada wannan ya kore ku. Doka ta yarda dangi mai kati ya rantse ya tsaya wa wanda ba shi da takardar haihuwa ko fasfo. A tafi tare da dattijo, a tsaya har a samu. A kuma san lambar adireshin gida ta GhanaPost GPS, wadda aka fara a 2017, domin fom ba ya karɓar "bayan masallacin Malam wane".

Na biyu, kowa ya mai da samunsa abin da a ke iya gani a takarda. Kuɗin ciniki ya riƙa bi ta momo ko ta banki ko ta ƙungiyar ajiya mai rajista, ko da kaɗan ne. Rasit na haya, da tikitin kasuwa, da katin adashi, a adana su a leda kamar yadda a ke adana takardar fili. Mai gida in ya karɓi adibas ya ba da rasit, ba rashin kunya ba ne a tambaya.

Na uku, duk ran da aka sanar da rabon gidaje ko rancen haya, a je ofishin da kansa ko a shiga shafinsa na intanet na gaskiya, a cika fom, a karɓi shaida, kada a ba kowa ko sidi ɗaya a bakin titi. Samari masu karatu su keɓe yammacin Asabar su zauna a makarantar unguwa su cika wa iyaye mata da tsofaffi, ba da lada ba. Sarakunan zongo da limamai da shugabannin mahauta da direbobi da matan kasuwa su buɗe littafi guda, a rubuta sunan duk wanda ya nema, da ranar, da amsar da aka ba shi.

Na huɗu, da wannan littafi a hannu za mu tunkari hukuma da bukatu bayyanannu. A karɓi lissafin momo da rasit na haya da shaidar ƙungiyar sana'a a madadin takardar albashi. A gina ciki da falo na haya mai rahusa, kada a tsaya ga manyan gidajen sayarwa kaɗai, a kuma gina su kusa da inda mutane ke neman abinci, domin mai sayar da koko a Nima ba ta iya tasowa daga Saglemi kafin asuba. A buɗe hanyar biya kaɗan-kaɗan har gida ya zama na mutum ba tare da kuɗin ruwa ba, sabo da da yawa cikinmu addini ya hana su bashin riba. A manna sharuɗɗan rabo da sunayen waɗanda aka ba a fili inda kowa zai gani. In an ƙi, Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubutawa ya tambaya, ta kuma ɗora wa ofis ya ba da amsa cikin kwana 14. A 2017 aka yi dokar Asusun Raya Zongo, aka yi filayen ƙwallo da azuzuwa da magudanan ruwa da fitilun titi da sunanmu. Mun gode, amma ba a kwana a filin ƙwallo. Duk ɗan takarar da ya shigo zongo neman ƙuri'a, kafin a karɓi shinkafarsa a shimfiɗa masa waɗannan bukatu ya faɗi matsayinsa a gaban jama'a, a rubuta.

Mun san za a ce mun cika zafi, za a ce muna zuga yara su raina manya. Ba mu raina kowa ba. Kakanninmu sun zo da goro da shanu da allo, sun roƙi fili a wurin masu ƙasa da ladabi, sun share daji sun kafa unguwanni waɗanda yau su ke tsakiyar birni. Su sun yi nasu da gatari da igiya. Na wannan zamani da takarda da alƙalami a ke yinsa, kuma wanda ya ƙi riƙe su zai bar wa 'ya'yansa gadon adibas.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowane magidanci inda zai rufe ƙofa ya kwana da iyalinsa cikin mutunci, amin. Wassalamu.